Iskar Haidirojin Cikin Tantanin Ƙarfe: Tarihin Bincikenta Da Niyutiron Da Matsayin Ƙasar Hausa

Gabatarwa

A wurin yawancin mutane ƙarfe shi ne iyakar tauri da toshewa. Maƙeri ya san shi a bakin wuta da masaba, magini ya san shi a rodin da yake ɗaurewa kafin a zuba kankare, mai walda kuwa ya san shi a ƙyauren gida da tankin ruwa. Da wuya a sami ɗaya daga cikinsu da zai amince in an ce masa akwai wata iska da take shiga cikin jikin ƙarfe ta zauna, ta yi yawo a ciki, har ta ɓulla ta ɗaya gefen ba tare da ta bar ko hudar allura ba. Amma haka al'amarin yake. Sunan iskar nan haidirojin. Ita ce mafi rashin nauyi cikin dukan sinadaran da Allah ya halitta, kuma ita ce take haɗuwa da iskar oksijin su zama ruwan da ake sha.

Wannan hali nata yana da fuska biyu. Ta fuska ɗaya ɓarna ce, domin ƙarfe mai tauri in ya sha haidirojin yakan yi gautsi ya karye ba zato, ko bututun mai ne ko ƙusar gada. Ta ɗaya fuskar kuwa amfani ne, domin in aka sami ƙarfen da haidirojin kaɗai take iya ratsawa, aka buge shi ya yi siriri kamar tantanin kalangu, to an sami matacin da babu irinsa, wanda zai ware ta tsantsa daga cikin sauran iskoki. Masana'antun takin zamani da matatun mai suna shan miliyoyin tan na wannan iska kowace shekara, kuma masu ƙera kayan lantarki ba sa karɓarta sai tsabtatacciya ƙwarai.

Maƙasudin wannan lacca shi ne bin tarihin tambaya guda: a ina haidirojin take zama cikin ƙarfe, kuma yaya take tafiya? An yi tambayar cikin 1866, ba a ga amsarta ba sai cikin 1957, watau bayan shekara 91. Masana ba su rasa basira ba cikin waɗannan shekaru, abin da suka rasa shi ne kayan aikin gani. Bayan an bi tarihin, za a duba inda Katsina da Zariya suka tsaya a cikinsa.

Ƙarfe a Ƙasar Katsina

Ƙasar Hausa ba baƙuwar ƙarfe ba ce. Binciken da aka yi a Dutsen Dala ya nuna ana narka tama a Kano tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya, haka kuma masu tonon kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello sun tono tsofaffin wuraren narka tama a yammacin Samaru cikin shekarun 1970. Garma da fartanya da gatari da takobi da linzami, duk da ƙarfen gida maƙeran Katsina da Kano da Zazzau suka ƙera su ɗaruruwan shekaru. Da Turawa suka shigo Katsina cikin 1903 suka kafa mazauninsu a bayan ganuwa, irin unguwar da ake kira GRA, sa'an nan jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, sai kwanon rufi da rodi da tsofaffin ƙarafan injuna suka cika kasuwa da araha. Kafin a shekara hamsin sana'ar narka tama ta mutu, aka bar maƙeri da ƙira kaɗai a kan ƙarfen da wani ya narka a wata ƙasa.

Cikin 1982 Gwamnatin Tarayya ta buɗe kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina, ɗaya daga cikin uku irinsa, sauran biyun suna Jos da Oshogbo. Kamfanin Kobe Steel na Japan ne ya gina shi, aka tsara zai fitar da tan 210,000 na rodi da waya a shekara. Sandunan ƙarfen da zai mulmula daga Aladja ake kawo su, kusa da Warri, inda ake raba tama da oksijin ɗinta ta hanyar hura mata wata iska mai zafi da ake samu daga gas, wadda galibinta haidirojin ce. Ashe rodin da ya shiga gine-ginen GRA da sauran unguwannin Katsina a shekarun nan, ta hannun haidirojin ya biyo, ko da yake kaɗan ne suka san haka. Da aiki ya raunana a Aladja, sai na Katsina ya rasa abin mulmulawa, daga baya cikin shekarun 2000 aka sayar da shi ga 'yan kasuwa. An sayo injin, amma ilmin da yake bayan injin ya zauna a ƙasashen da suka ƙera shi. Wani reshe na wannan ilmi shi ne za a bi tarihinsa yanzu.

Yadda Aka Gane Haidirojin Tana Shiga Ƙarfe

Cikin 1766 wani masani na Landan, Henry Cavendish, ya zuba ruwan asid a kan ƙarfe, ya tara iskar da ta tashi, ya auna ta, ya nuna cewa iska ce dabam mai kama wuta. Antoine Lavoisier na Faransa ne ya raɗa mata sunan da ake kiranta da shi, ma'anarsa mai haifar da ruwa. Cikin 1802 kuma William Wollaston ya gano wani farin ƙarfe mai kama da azurfa a cikin ma'adinin filatinom da aka kawo daga Amurka ta Kudu, ya sa masa suna faladiyom. Waɗannan biyu, iskar Cavendish da ƙarfen Wollaston, su ne jigon labarin.

Cikin 1863 masana biyu na Faris, Deville da Troost, suka lura cewa bututun filatinom ko na baƙin ƙarfe in ya yi ja da zafi, haidirojin tana ratsa bangonsa. Suka ɗauka zafi ne ya buɗe wasu 'yan ƙofofi a jikin ƙarfen. Thomas Graham, mutumin Gilasgo wanda a lokacin shi ne shugaban gidan buga kuɗi na Ingila, bai gamsu da wannan bayani ba. Cikin 1866 ya nuna cewa ƙarfen shan iskar yake yi, kuma babu wanda ya kai faladiyom sha. Gutsuren faladiyom yana iya haɗiye haidirojin da ta kai girmansa har wajen sau 900, watau ƙarfe mai girman kwalbar lita ɗaya ya shanye lita 900, ba tare da an matsa masa ba. Har ila yau Graham ya tura gas ɗin fitilun titi ta cikin bututun faladiyom mai zafi, ya ga haidirojin kaɗai ce ta fito ta bangon. Wannan shi ne matacin ƙarfe na farko. Shi Graham ya zaci iskar ta daskare ne ta zama wani ƙarfe a ciki, har ya sa aka buga lambar tunawa da faladiyom mai ɗauke da ita cikin 1869, shekarar da ya rasu.

Ɓarnarta kuwa William Johnson ne ya bayyana ta cikin 1875, daga wata masana'antar waya a Manchesta. Al'adar masu yin waya ce su tsoma ta cikin asid don cire tsatsa. Johnson ya lura cewa wayar da aka tsoma takan karye in an lanƙwasa ta sau ɗaya, alhali kafin nan tana jure sau biyu ko uku. Ruwa ba ya tsami banza. Da ya jiƙa bakin karayar sai ya ga tana kumfa, ya gane iska ce take fitowa daga cikin ƙarfen, ya kuma ga cewa in an ajiye wayar kwanaki, ko aka ɗumama ta, ƙarfinta yakan komo.

Mataki na gaba daga Jamus ya zo. Adolf Sieverts ya shafe shekaru yana auna yawan iskar da ƙarafa suke sha, ya fito da ƙa'idar da ake jingina wa sunansa tun 1929: in aka ninka matsin iskar sau huɗu, abin da ƙarfe zai sha sau biyu kawai yake ninkuwa, in aka ninka sau tara, sau uku. Ma'anar wannan lissafi ita ce, ƙwayoyin zarra na haidirojin, waɗanda a sarari bibbiyu suke tafiya kamar tagwaye, rabuwa suke yi a fuskar ƙarfen, kowace ta shiga ita kaɗai, ta ratsa, sa'an nan su sake haɗuwa a ɗaya gefen. Sauran iskoki ba sa iya ratsa faladiyom ta wannan hanya, shi ya sa matacin yake hana su wucewa. To amma duk wannan daga lissafi aka hakaito shi, babu wanda ya ga inda ƙwayar take.

Abin da Ya Gagari Hasken Eksire

Ƙwayoyin zarra na ƙarfe a jere suke sahu-sahu, kamar lemun da mai talla ya ɗora a faranti, kuma kamar lemun, akwai gurabe a tsakaninsu. Hasken eksire, wanda Röntgen ya gano cikin 1895 kuma ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, shi ne ya fara nuna wannan jeri, bayan aikin Max von Laue cikin 1912 da na Bragg uba da ɗa. Cikin shekarun 1920 aka haska shi a kan faladiyom mai ɗauke da haidirojin, aka ga jerin ya buɗe, ƙarfen ya kumbura da kimanin kashi 10 cikin 100 na girmansa. Aka kuma gane cewa in zafi bai kai wajen digiri 300 na ma'aunin santigired ba, ƙarfen yakan kasu gida biyu, wani sashe ya sha kaɗan, wani ya sha da yawa ya kumbura. Wannan ja-in-ja tsakanin sassan biyu shi ne yake sa tantanin faladiyom tsantsa ya yamutse ya tsage bayan an yi ta ɗumama shi ana sanyayawa.

Ita haidirojin kanta kuwa eksire bai nuna ta ba. Dalili shi ne hasken yana tunkarar ƙwayoyin lantarki ne da suke kewaye da cibiyar kowace zarra. Faladiyom yana da 46, haidirojin tana da ɗaya tak, kuma ƙarfin hasken da yake dawowa yana bin ninkin adadin ne a kan kansa, saboda haka na faladiyom ya fi nata fiye da sau 2,000. Nemanta da eksire kamar neman hasken aci-bal-bal ne da rana tsaka.

Zuwan Niyutiron

Cikin 1932 James Chadwick, a Jami'ar Kambirij, ya tabbatar da cewa a cibiyar ƙwayar zarra akwai wani ɓurɓushi wanda ba ya ɗauke da lantarki ko kaɗan, aka kira shi niyutiron. Tun ranar farko labarinsa yake haɗe da na haidirojin, domin an gane shi ne ta yadda yake bugun cibiyoyin haidirojin da suke cikin kakin kyandir yana fitar da su. Nauyin niyutiron kusan daidai yake da na cibiyar haidirojin, saboda haka in sun yi karo sukan yi kamar ƙwallayen sunuka guda biyu, wanda ya zo da gudu ya rage, wanda yake tsaye ya tashi. Enrico Fermi ya nuna cikin 1934 a birnin Rum cewa kaki ko ruwa suna rage wa niyutiron gudu ta wannan hanya. Wanda ya huce yana tafiya ne kimanin mita 2,200 a daƙiƙa, kuma a wannan gudu yana da halin igiyar ruwa wadda tsawonta ya yi daidai da tazarar da take tsakanin ƙwayoyin ƙarfe, watau ya dace da auna su.

Sai dai samun niyutiron da yawa ya jira tukunyar nukiliya. Fermi ya kunna ta farko a Shikago ranar 2 ga Disamba, 1942, cikin aikin yaƙi, ta Oak Ridge kuma ta biyo baya cikin 1943. A nan Ernest Wollan ya huda bangon tukunyar ya fito da niyutiron a miƙe kamar hasken tocila, Clifford Shull ya zo ya same shi cikin 1946. Hanyarsu ita ce a ɗora abin da ake bincike a gaban wannan haske, a kewaya da na'urar ƙidaya, a ga ta wace kusurwa niyutiron ya warwatsu kuma nawa ne. Daga tsarin warwatsuwar ake lissafa inda ƙwayoyin suke.

Falalar niyutiron ita ce bai damu da ƙwayoyin lantarki ba, cibiya yake nema, kuma babu cibiyar da take warwatsa shi kamar ta haidirojin cikin sinadaran da aka saba da su. A ma'aunin da masana suke kira ban, haidirojin tana da wajen 82, baƙin ƙarfe wajen 12, banadiyom da faladiyom wajen 5, sanholo bai kai 2 ba. Abin da ya ɓuya ga eksire shi ne ya fi fitowa fili ga niyutiron. Daɗin daɗawa yana ratsa ƙarfe mai kauri, saboda haka ana iya rufe tantani cikin tukunya mai zafi da matsi a dube shi yana kan aiki.

A Chalk River ta ƙasar Kanada, cikin shekarun 1950, Bertram Brockhouse ya ƙara wani abu. Ya ƙera na'urar da take auna ƙarfin niyutiron kafin karo da bayan karo. Abin da ya ƙaru ko ya ragu shi yake nuna motsin ƙwayar da aka buga. Shull da Brockhouse sun sami lambar Nobel cikin 1994, ɗaya don nuna inda ƙwayoyi suke, ɗaya don nuna abin da suke yi. Wollan bai ga wannan rana ba, ya rasu cikin 1984.

Abin da Niyutiron Ya Nuna

Cikin 1957 Worsham da Wilkinson da Shull suka ɗora garin faladiyom mai ɗauke da haidirojin a gaban tukunyar Oak Ridge. Suka kuma maimaita da diyutiriyom, watau irin haidirojin mai nauyi biyu wadda Harold Urey ya gano cikin 1931, domin ita ta fi ba da tsari mai kaifi. Sakamakon ya nuna ƙwayar tana zaune a gurbin da ƙwayoyin faladiyom shida suka kewaye, kuma kimanin bakwai cikin goma na irin waɗannan gurabe ne suka cika, sauran fanko. Gani ya kori ji. Ba ƙofofin Deville ba ne, ba kuma daskararren ƙarfen Graham ba ne, baƙuwa ce da ta sauka a sararin da yake tsakanin masu gida.

Saura tafiyarta. Cikin 1961 Chudley da Elliott na Okusfod suka lissafa yadda warwatsuwar za ta kasance in ƙwaya tana zama a gurbi na ɗan lokaci sa'an nan ta yi tsalle zuwa na kusa. Sköld da Nelin a ƙasar Suwidin suka gwada wannan a kan faladiyom cikin 1967, suka ga lalle haka take yi, daga gurbi mai kewaye shida zuwa maƙwabcinsa, masana a Amurka kuma suka ƙara tabbatar da shi cikin 1972. Wannan hanya tana ba da abu biyu a lokaci guda, tsawon tsallen da tsawon zaman, waɗanda ba a samunsu ta auna iskar da ta shiga da wadda ta fita kawai.

Faransa da Jamus ta Yamma sun kafa Cibiyar Laue da Langevin a garin Grenoble cikin 1967, tukunyarta ta fara aiki cikin 1971, Ingila ta shiga cikin 1973. A nan da wasu wurare aka bi diddigin ƙarafa uku 'yan gida ɗaya: banadiyom da niyobiyom da tantalom. Jerinsu ya fi na faladiyom sakwa-sakwa, haidirojin takan zauna a gurbin da ƙwayoyi huɗu suka kewaye, irin waɗannan gurabe shida ne ga kowace ƙwayar ƙarfe, kuma tazararsu ba ta kai rabin ta faladiyom ba. Saboda haka tsallen ba wuya. A cikin banadiyom, da zafin ɗaki kawai, ƙwaya ɗaya tana sauya gurbi kimanin sau biliyan dubu a daƙiƙa guda.

Gamin Ƙarfe da Neman Tantani Mai Araha

Maƙeran farfaru sun daɗe da sanin cewa gami yana sauya halin ƙarfe. Haka aka yi wa faladiyom. Cikin 1956 J. B. Hunter ya yi rajistar gaminsa da azurfa a Amurka. In azurfa ta kai kimanin kashi 23 cikin 100, rabuwar nan gida biyu takan kau, tantanin ya daina tsagewa, kuma iskar ta fi wucewa. Daga baya aka sami gamin da yake da kashi 40 na jan ƙarfe, wanda ya fi jure farar wuta, domin farar wuta tana toshe fuskar faladiyom. Amma tsada ta tsaya. Rasha da Afirka ta Kudu su ne suke haƙo mafi yawan faladiyom na duniya, kuma cikin Maris 2022 farashin oza ɗaya ya haura dala 3,000.

Wannan ne ya mai da hankali ga banadiyom da niyobiyom, waɗanda suka fi araha kuma iskar ta fi gudu a cikinsu. Aibinsu shi ne haɗama, sukan sha fiye da kima su farfashe, fuskarsu kuma tana yin tsatsar da take hana tagwayen rabuwa. Maganin da ake nema shi ne a gama su da nikel ko sanholo ko taitaniyom don rage sha, a shafa musu faladiyom sama-sama. Akwai kuma gamin da ake sanyayawa farat ɗaya kafin ƙwayoyinsa su yi sahu, kamar na nikel da niyobiyom da zarkoniyom da aka yi ta gwadawa a Japan. A duk waɗannan, tambayar ita ce ko ƙarfen da aka ƙara yana buɗe wa haidirojin hanya ne ko yana zama mata tarko, kuma niyutiron ne yake amsawa. Ga misali, ya nuna cewa a gamin nikel da zarkoniyom ta fi son gurbin da zarkoniyom ya kewaye. Cikin 2018 hukumar binciken kimiyya ta Ostireliya, CSIRO, ta yi amfani da tantanin banadiyom a Birisben ta tace haidirojin daga amoniya, aka zuba wa motoci suka tashi.

A nan labarin ya komo gida. Niyobiyom daga ma'adinin kwalambait ake samunsa, wanda yake kwance tare da kuza a tsaunukan Jos da kuma Riruwai ta Jihar Kano, garin da mutanensa suka shahara da narka kuza tun kafin zuwan Turawa. Da farko masu haƙar kuza zubar da shi suke yi cikin tarkace. Cikin shekarun 1950, da Amurka ta bukace shi don injunan jiragen sama, Nijeriya ce take ba duniya mafi yawansa. An kwashe shi ɗanye cikin buhuna, daga baya Barazil ta karɓe kasuwar. Haka kuma yuraniyom, makamashin tukunyar nukiliya, an fara haƙarsa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar cikin 1971, shi ma ɗanye ya tafi. Ƙasar nan ta ba da ƙarfen da ake bincike, maƙwabciyarta ta ba da makamashi, binciken kuwa a wani wuri aka yi shi.

Tukunyar Zariya

Nijeriya ta kafa Hukumar Makamashin Nukiliya da doka ta 46 ta 1976, daga nan aka buɗe cibiyoyin bincike biyu, ɗaya a Jami'ar Ife, ɗaya a Jami'ar Ahmadu Bello, watau Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Zariya. Tun kafin ta sami tukunya, cibiyar ta taɓa wannan fage da ɗan abin da take da shi. Cikin shekarun 1990 masananta, cikinsu har da S. A. Jonah da S. B. Elegba, sun yi amfani da wani ƙaramin tushen niyutiron suka auna yawan haidirojin da take cikin mai iri-iri na ƙasar nan, ta hanyar ƙidaya niyutiron da ya bugi man ya huce ya dawo. Asalin dabarar ɗaya ne da na Fermi, kuma irinta ce masu binciken noman rani suke auna laimar ƙasa da ita.

Cikin 1996 aka ƙulla yarjejeniya tsakanin Nijeriya da ƙasar Sin da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya a kan ƙaramar tukunyar bincike. Sai da Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta ƙasa, wadda dokar 1995 ta tanada, ta fara aiki cikin 2001, sa'an nan aka sami mai ba da izni. An kunna tukunyar ranar 3 ga Fabrairu, 2004, da suna NIRR-1. Ƙarfinta wajen kilowat 30 ne. Aikinta shi ne a tura samfurin ƙasa ko dutse ko abinci cikinta, a fito da shi, a karanta sinadaran da suke ciki daga hasken da yake fitarwa. Cikin 2018 aka sauya makamashinta daga yuraniyom mai tacewar kashi 90 zuwa mai kashi 13, aka mayar da tsohon ƙasar Sin.

Wajibi ne a faɗi iyakarta. Irin wannan tukunya ba a yi mata bututun fito da niyutiron waje ba, kuma yawan niyutiron da take samarwa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na ta Grenoble ba, wadda ƙarfinta megawat 58 ne. Saboda haka aikin Shull da na Sköld ba ya yiwuwa da ita. A nahiyar Afirka akwai manya, kamar SAFARI-1 ta Afirka ta Kudu mai megawat 20, wadda aka kunna cikin 1965, da ta Inshas a Masar mai megawat 22. Cikin 2016 Nijeriya ta sa hannu da Rasha a kan gina cibiya mai babbar tukunyar bincike. Amfanin ta Zariya shi ne ta horar da mutanen da suka san riƙon tukunya da kiyaye haɗarinta, kuma ba a tsallake wannan mataki.

Kammalawa

Daga Graham zuwa Shull shekara 91, daga dokar 1976 zuwa kunna tukunyar Zariya shekara 28. Aiki irin wannan ya fi wa'adin kowace gwamnati tsawo, kuma abin da yake kashe shi ba ya wuce kasafin kuɗin da aka ba bana aka hana baɗi, ko na'urar da aka sayo ba a tanadi kuɗin gyaranta ba. Wannan yana hannun ma'aikatan hukuma, waɗanda suke rubuta takardun da ake yanke shawara a kansu.

Ɗalibai kuwa ba sai sun jira babbar tukunya ba. Narka gamin ƙarfe, da buge shi ya zama tantani, da auna iskar da take ratsa shi, aiki ne na ɗakin gwaji, wanda bai fi ƙarfin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Tarayya da take Dutsin-ma ba in an ba su kayan aiki. Manyan cibiyoyin niyutiron na Turai da Amurka da Asiya suna raba lokacin na'urorinsu ne bisa ingancin takardar neman da masani ya rubuta, kuma hanyar shiga ga ɗan Afirka yawanci haɗin gwiwa ce da masanan can. Wanda ya je da gamin niyobiyom da ya haɗa da hannunsa ya je da abin da za a saurare shi.

Akwai kuma abin da ba ya jiran kowa. Abin da Johnson ya gani a wayarsa yana nan a kowace walda ta ƙarfe mai tauri da kauri. Sandar walda in ta sha laimar damina takan zuba haidirojin cikin narkakken ƙarfe, tsagewar kuma ba ta bayyana sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa ƙa'idar aiki ta ce a gasa sandunan su bushe, a ɗumama ƙarfen kafin walda, a kuma jinkirta dubawa har awa 48 a manyan ayyuka. Bututun gas mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikinsa cikin 2020 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, dubban irin wannan walda ne a jere. Injiniyan ma'aikatar ayyuka da zai sa hannu a takardar kammala gada ko tankin ruwa, ya kamata ya san dalilin wannan jinkiri, ya kuma tsaya a kansa ko ɗan kwangila yana gaggawa. Allah ya sa a dace.